Lesotho: Sarauta a Kan Dutse, Abinci a Hannun Maƙwabci

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Mai girma shugaban taro, malamaina da iyayena da ke zaune a sahun gaba, 'yan'uwa maza da mata, da ɗaliban da suka cika bayan ɗakin nan, ina godiya da aka ba ni wannan dama.

An nemi in yi magana a kan mulki da tattalin arzikin wata ƙaramar masarauta ta kan duwatsu, ni kuwa na zaɓi Lesotho, wadda masu ita suke furta sunanta da Lisutu, suna kiran kansu Basotho, harshensu kuma Sesotho. Abin da nake so ku riƙe tun daga farko shi ne, ba a fahimtar rikicin siyasar wannan ƙasa sai an san inda abincinta yake fitowa, ba a kuma sanin inda abincinta yake fitowa sai an koma ga iyakar da aka shata mata a shekarar 1869.

Duk wanda ya buɗe taswirar Afirka ta Kudu zai ga wani ɗan tabo a cikinta wajen gabas, kamar ƙwai a cikin kasko. Wannan tabon ƙasa ce mai cin gashin kanta, mai faɗin murabba'in kilomita 30,355, mai mutane sama da miliyan biyu, kuma ko ta ina mutum ya fita daga cikinta, Afirka ta Kudu zai faɗa. 'Yan'uwanmu na Nijar sun san wahalar rashin teku, sun kuma ɗanɗana ta sosai lokacin da aka rufe musu iyakoki a 2023, amma Nijar tana da maƙwabta bakwai, idan ƙofa ɗaya ta toshe sai ta nemi wata. Lesotho maƙwabci ɗaya gare ta tak. Wuri mafi kwari a ƙasar yana da tsayin kusan mita 1,400 daga doron teku, ƙololuwarta kuwa, dutsen Thabana Ntlenyana, ya kai mita 3,482. A watannin Yuni da Yuli, lokacin da mu muke tsakiyar damina, su dusar ƙanƙara ce take rufe musu hanyoyi. Kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙasar ne kawai ake iya nomawa, shi ma a wani siririn yanki na yamma, inda babban birnin Maseru yake.

Ba haka kawai mutane suke hawa irin wannan wuri su zauna ba. A farkon ƙarni na 19 yaƙe-yaƙe sun tarwatsa kudancin Afirka, abin da Basotho suke kira Lifaqane, har noma ya gagara, yunwa ta kori mutane daga garuruwansu. A cikin wannan yamutsi ne wani ɗan ƙaramin basarake mai suna Moshoeshoe ya kwashi jama'arsa daga Butha-Buthe a 1824, ya hau da su wani dutse mai shimfiɗaɗɗen kai, wanda ke da maɓuɓɓugar ruwa a samansa da 'yan ƙananan mashigai da mutane kaɗan za su iya tsarewa. Sunan dutsen Thaba Bosiu, wato dutsen dare, kuma har yau ana ba da labarin cewa idan dare ya yi yakan ƙara tsawo don ya gagari abokan gaba. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne, ba a taɓa cin dutsen nan da yaƙi ba a zamanin Moshoeshoe. Maharan da suka yi ƙoƙarin hawa sun sha ruwan duwatsun da ake mirgino musu daga sama, kuma a 1865 kwamandan Turawan Boer, wato jikokin mutanen Holan da suka zauna a yankin, Louw Wepener, ya mutu yana gab da kaiwa saman ɗaya daga cikin mashigan.

Sai dai ba dutse ne kaɗai ya gina ƙasar ba, da shanu da haƙuri aka gina ta. Moshoeshoe yana da wata al'ada da ake kira mafisa, inda yakan ba wanda yaƙi ya talauta aron shanu, ya sha nono, ya yi kiwo, shi kuma ya zama mutumin sarki. Fulanin Nijar da suke da habbanaye ba za su ga wannan baƙon abu ba. Da wannan hanya, da auratayya, da barin kowace ƙabilar da ta zo neman mafaka a ƙarƙashin shugabanta, ya mayar da tarkacen gudun hijira al'umma ɗaya. Yana kiran taron jama'a da ake ce wa pitso, inda namiji baligi yake da damar miƙewa ya faɗa wa sarki ra'ayinsa, kuma Basotho suna da karin magana mai cewa sarki da jama'a yake zama sarki. A 1833 ya karɓi 'yan mishan daga Faransa, ɗaya daga cikinsu, Eugène Casalis, ya zama mai rubuta masa wasiƙu zuwa ga Turawa. A ganina Afirka ba ta yi shugabanni da yawa a wancan ƙarni da suka kai shi sanin lokacin zare takobi da lokacin mayar da shi kube ba.

Turawan Boer, jikokin mutanen Holan da suka kafa ƙasar Orange Free State a yamma da shi, ba dutse suke so ba, gonaki suke so. An gwabza a 1858, aka sake gwabzawa daga 1865, wannan karon kuwa suka ƙone amfanin gona, suka kwashe shanu, suka mamaye filayen noma. Da tsohon sarki ya ga gaba kura baya sayaki, sai ya roƙi Sarauniya Biktoriya ta ɗauki ƙasarsa ƙarƙashin kariyarta, aka kuwa shelanta hakan a ranar 12 ga Maris, 1868. A shekara mai zuwa Ingilishi da Boer suka zauna a Aliwal North suka shata iyaka, suka bar wa Boer ƙasa mai albarka da ke yamma da kogin Caledon, wanda Basotho suke kira Mohokare. Moshoeshoe ya rasu a 1870 yana da ƙasa, amma an yanke mata ciki an bar ta da ƙashin baya. Har yanzu wannan ciwo bai warke ba, domin ko a 2023 an kawo ƙudiri a majalisar Maseru ana neman a dawo da waɗancan filaye.

Kada a raina abin da aka tsira da shi. A 1871 Birtaniya ta miƙa ƙasar ga gwamnatin Cape, yankin mulkin mallakarta da ke kudancin Afirka, da wannan gwamnati ta ce kowa ya kawo bindigarsa a 1880, Basotho suka ƙi, aka yi yaƙin da ake kira Yaƙin Bindiga, suka kuma tsira da bindigoginsu, har a 1884 Landan ta karɓi ƙasar kai tsaye. Lokacin da aka haɗa Tarayyar Afirka ta Kudu a 1910, an tanadi cewa wata rana za a haɗe ƙasar Basotho a ciki, amma sarakunan suka yi tsayin daka, hakan bai taɓa faruwa ba. Saboda haka Mosotho, wato mutumin Basotho, bai zauna ƙarƙashin dokokin wariyar launin fata a cikin gidansa ba, kuma Bature bai mallake masa gona ba, domin a al'adarsu da dokarsu ƙasa ta al'umma ce, sarki amana yake riƙe da ita.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, wanda ya kamata a faɗa da ƙarfi. Basotho ba matalauta ba ne tun asali. A shekarun 1870, lokacin da aka gano lu'ulu'u a Kimberley, su ne suke ciyar da masu haƙa da alkama da masara da dawa, suna kai buhuna dubbai a kan amalanke. Abubuwa ne suka taru suka karya wannan noma. Jirgin ƙasa ya iso Kimberley a 1885 da hatsi mai araha daga ƙetare, gwamnatin Boer ta sa wa hatsin Basotho kuɗin fito, annobar shanu ta 1896 zuwa 1897 ta kashe shanun huɗa, jama'a suka yi yawa a kan 'yar ƙasar da ta rage har ta gaji, ruwan sama ya riƙa tsaga gonaki yana barin kwazazzabai, sannan fari na 1932 zuwa 1933 ya ƙarasa abin da ya saura. Ga kuma harajin ɗaki da Bature yake karɓa da tsabar kuɗi. Ina magidanci zai samo kuɗi? Sai ya sa hannu a takardar kwantiragi ya tafi ramin zinare a yankin Johannesburg. Ƙasar da take sayar da hatsi ta koma sayar da ƙarfin 'ya'yanta, ci-ranin da ya kamata ya zama na 'yan watanni ya zama sana'ar gado.

Da wannan gadon aka shiga 'yancin kai a ranar 4 ga Oktoba, 1966. Tsarin mulkin da ake bi yanzu, wanda ya fara aiki a 1993, ya bar wa sarki gadon sarauta ya ɗauke masa wuƙa da nama. Sarki Letsie na Uku shi ne shugaban ƙasa, amma firaminista, wanda yake da rinjaye a majalisar wakilai, shi ke gudanar da gwamnati, sarki kuwa da shawarar gwamnati ko ta Majalisar Ƙasa yake aiki. Har an tanadi cewa idan ya ƙi sa hannu a kan abin da doka ta wajabta masa, firaminista na iya zartarwa a ɗauka sarkin ne ya yi. Wanda zai gaji sarauta kuwa, Majalisar Sarakuna ce take tabbatar da shi bisa al'ada, kamar dai aikin masu zaɓen sarki a wajenmu. Majalisar dattawa tana da kujeru 33, daga ciki 22 na manyan sarakunan yankuna ne da suke zama saboda gadonsu, sauran 11 kuma naɗa su ake yi. Nan ne suka bambanta da Nijeriya, inda kundin tsarin mulkin 1999 bai ba sarakuna wani gurbi ba. A can basarake yana zama a zauren yin doka, ko da yake ikon dattawan bai wuce jinkirta doka da ba da gyara ba. A ƙauye kuma har yanzu mai gari ne yake ba da shaidar zama ɗan gari, shi ke sasanta rikicin iyakar gona, shi ke faɗin lokacin da za a buɗe makiyaya ko a rufe ta.

Wanda ya ji wannan tsari zai zaci zaman lafiya ya tabbata, musamman da yake kusan kowa a ƙasar harshe ɗaya yake yi, babu rikicin ƙabilanci irin wanda muka sani, kuma kirarin ƙasar shi ne Khotso, Pula, Nala, wato zaman lafiya, ruwan sama, yalwa. Amma tun zaɓen farko bayan 'yanci aka fara tuntuɓe. A 1970 firaminista Leabua Jonathan ya ga jam'iyyar BCP ta Ntsu Mokhehle ta kayar da shi, sai ya soke zaɓen, ya jingine tsarin mulki, Sarki Moshoeshoe na Biyu ya tafi gudun hijira Holan na wasu watanni. Jonathan ya yi shekara 16 a haka. Da farko yana ɗasawa da gwamnatin wariya ta Pretoria, fadar mulkin Afirka ta Kudu, daga baya ya juya mata baya ya ba 'yan ANC, ƙungiyar da take yaƙi da wariyar, mafaka, ita kuma ta aiko da sojoji Maseru cikin dare a Disamba 1982 suka kashe mutum 42. A Janairu 1986 Pretoria ta nuna abin da nake nufi da maƙwabci ɗaya: ta matse iyaka, man fetur da abinci suka daina shigowa, kafin a cika mako uku Manjo Janar Justin Lekhanya ya kifar da Jonathan.

Sojoji suka riƙe har 1993, a tsakani suka tuɓe Moshoeshoe na Biyu a 1990 suka ɗora ɗansa. Ɗan nan, Letsie na Uku, ya taɓa gwada shiga siyasa a Agusta 1994, inda ya sanar da rushe zaɓaɓɓiyar gwamnati, amma Afirka ta Kudu da Botswana da Zimbabwe suka matsa masa har ya janye. An mayar da mahaifinsa kan gado a 1995, ya rasu a hatsarin mota a Janairu 1996, Letsie ya sake hawa. Tun daga nan ya kame bakinsa daga rigimar jam'iyyu, kuma a fahimtata wannan kamewa ce ta sa yau mutane da yawa a ƙasar suka fi amincewa da fada a kan majalisa.

Zaɓe kansa ya zama fitina. A 1993 BCP ta lashe duka kujeru 65, a 1998 kuma jam'iyyar LCD ta ci 79 cikin 80 da kimanin kashi 60 cikin ɗari na ƙuri'u, wato mutum huɗu cikin goma sun yi zaɓe sun tashi da kujera ɗaya. Aka yi bore, ƙananan sojoji suka yi wa manyansu tawaye, dakarun Afirka ta Kudu da Botswana suka shigo a Satumba 1998, aka ƙone tsakiyar Maseru ƙurmus. Daga wannan toka aka fito da sabon tsari a 2002: kujeru 120, 80 na mazaɓu, 40 kuma ana raba su gwargwadon ƙuri'un da kowace jam'iyya ta samu a faɗin ƙasa. Wannan ya hana jam'iyya ɗaya cinye komai, amma tsugune ba ta ƙare ba, domin daga 2012 sai gwamnatocin gamin gambiza, waɗanda sauya sheƙar 'yan majalisa kaɗan take rusawa. An yi zaɓe a 2012 da 2015 da 2017, mulki yana kai-kawo tsakanin Pakalitha Mosisili da Thomas Thabane. A 2014 Thabane ya tsere Afirka ta Kudu yana cewa soja na neman kifar da shi, a 2015 sojoji suka harbe tsohon shugabansu Maaparankoe Mahao, a 2017 aka harbe wani shugaban sojan, Khoantle Motšomotšo, a cikin ofishinsa. A zaɓen Oktoba 2022 jama'a suka juya ga attajiri Sam Matekane, wanda jam'iyyarsa ta RFP ba ta cika shekara da kafuwa ba, ya sami kujeru 56, shi ma sai da ya nemi abokan haɗaka.

Me ake wa wannan faɗa, tunda ba addini ba ne, ba ƙabila ba? Amsar da na gamsu da ita ita ce, a ƙasar da gona ta yi kaɗan kuma manyan kamfanoni na baƙi ne, gwamnati ce babbar gona. Albashi mai tsoka, kwangila, mota, aikin ɗa da na ƙane, duk ta ƙofarta suke fitowa, shi ya sa abin da Lesotho take kashewa a kan albashin ma'aikata, idan aka auna da girman tattalin arzikinta, yake cikin mafi yawa a Afirka kudu da Sahara. Wanda ya faɗi zaɓe ba shi da wata sana'a mai kama da wannan da zai koma, saboda haka kowane jigo da aka ɓata wa rai sai ya ɓalle ya kafa tasa jam'iyyar, har ta kai jam'iyyu fiye da 50 suka shiga zaɓen 2022.

Ita kuma wannan gwamnati da ake kokawa a kanta, ba daga aljihun 'yan ƙasarta mafi yawan kuɗinta yake fitowa ba. Lesotho tana cikin ƙawancen kwastam na SACU, wanda aka kafa tun 1910, tare da Afirka ta Kudu da Botswana da Namibiya da Eswatini. Ana tara kuɗin fiton kayan da suka shigo yankin a asusu ɗaya a raba, kuma a shekaru da dama kason Lesotho yakan kusan kai rabin kuɗin shigar gwamnati. Duk wanda ya san yadda jihohinmu suke zuba ido ga rabon wata-wata daga Abuja ya san halin da wannan yake haifarwa. Idan mutanen Johannesburg suka rage sayen motoci daga waje, kasafin kuɗin Maseru ne yake ramewa, kamar yadda ya faru bayan durƙushewar tattalin arzikin duniya ta 2008. Kuɗin ƙasar, loti, an ɗaure shi da rand, kuɗin Afirka ta Kudu, ɗaya bisa ɗaya, rand ɗin ma ana cinikayya da shi a kowace kasuwa. Wannan ya tsare su daga mummunar faɗuwar darajar kuɗi, amma babban bankinsu ba ya iya yin nisa da abin da na Pretoria ya yanke game da kuɗin ruwa.

Ci-ranin ramin zinare kuwa ya ja baya. A ƙarshen shekarun 1980 Basotho fiye da 120,000 ne suke aiki a ma'adinan Afirka ta Kudu, yanzu ba su kai rabin haka ba. Da yawa sun dawo gida da ƙurar dutse a huhu da tarin fuka, sai a 2018 kamfanonin zinare suka amince da biyan diyyar rand biliyan 5 ga masu wannan ciwo a yankin baki ɗaya. Rabuwar miji da mata ta tsawon watanni ta taimaka wajen yaɗuwar cutar ƙanjamau, wadda take jikin kimanin mutum ɗaya cikin biyar na manya. Samarin da ba su sami kwantiragi ba sukan shiga tsofaffin ramukan da aka rufe su yi haƙa ba bisa doka ba, wasu ba a sake ganinsu.

Da aikin maza ya ragu, na mata ya taso. Bayan Amurka ta kafa dokar AGOA a 2000, wadda ta ba kayan Afirka damar shiga kasuwarta babu kuɗin fito, 'yan kasuwar Taiwan da Sin suka buɗe masana'antun ɗinki a Maseru da Maputsoe, har ma'aikata suka kai kusan 50,000 wajen 2004. Ku dubi mace ɗaya a unguwar masana'antu ta Thetsane: ta fito da asuba cikin sanyi ta yafa bargo, ta bi ayarin dubban 'yan'uwanta a ƙafa, ta zauna gaban keke tana ɗinka aljihun wandon Levi's guda bayan guda har yamma, a kan albashin da bai kai dala 200 a wata ba, daga ciki ta biya hayar ɗaki ɗaya, ta aika wa uwarta a ƙauye kuɗin garin masara da na makarantar yara. A Afrilu 2025 Shugaba Donald Trump ya sanar da harajin kashi 50 cikin ɗari a kan kayan Lesotho, mafi tsanani a jerin da ya fitar, saboda kawai tana sayar wa Amurka kayan fiye da dala miliyan 200 a shekara alhali talaucinta bai bar ta ta sayi na Amurka ba. An rage shi zuwa kashi 15 daga baya, amma kafin nan masu saye sun janye oda, an sallami mata da yawa. Mutanen Kaduna da Kano da suka ga rufewar masaƙu sun san yadda unguwa take mutuwa idan ƙofar masana'anta ta rufe.

Lu'ulu'u ba zan daɗe a kansa ba. Mahaƙar Letšeng, wadda gwamnati take da kashi 30 cikin ɗari a cikinta, ta fitar da dutse mai karat 910 a 2018 aka sayar da shi dala miliyan 40, amma irin wannan haƙa injuna take buƙata fiye da mutane, kuma farashin yana hawa da sauka a kasuwannin da Maseru ba ta da ta cewa.

Ruwa ne babbar dukiyar duwatsun. A Oktoba 1986, wata tara kacal bayan juyin mulkin da matse iyaka ya haifar, gwamnatin soja ta sa hannu da Pretoria a kan yarjejeniyar karkatar da ruwan tsaunuka zuwa yankin Johannesburg. Aka gina madatsar Katse mai tsayin mita 185, sannan ta Mohale, aka fasa duwatsu aka yi ramukan da ruwa yake bi na kilomita sama da 80, yana juya injunan lantarki na Muela masu ƙarfin megawat 72 kafin ya tsallaka iyaka ya nufi madatsar Vaal. Kimanin kubik mita miliyan 780 ne suke fita a shekara, Lesotho tana karɓar kuɗi a kansu. Dole a yaba wa kotunan ƙasar a nan, domin a 2002 sun ɗaure shugaban hukumar aikin, Masupha Sole, saboda cin hanci, suka kuma hukunta kamfanonin da suka bayar, har da Acres na Kanada da Lahmeyer na Jamus, abin da ƙasashe manya da yawa ba su iya ba. Amma ga ƙoshi ga kwanan yunwa: akwai ƙauyukan da suke kallon tafkin Katse daga ƙofar gida, matansu kuma suna hawa da gangara zuwa maɓuɓɓuga da bokiti a ka. Wutar Muela ba ta isar ƙasar, sai an sayo ƙari daga Afirka ta Kudu da Mozambik, kuma a 2024, lokacin da fari ya cinye amfanin gona, gwamnati ta shelanta cewa kimanin mutum 700,000 suna fuskantar yunwa.

Abu ɗaya da talakan dutse yake riƙe da shi da hannunsa shi ne garkensa. Lesotho ce ta biyu a duniya, bayan Afirka ta Kudu, wajen samar da gashin akuyar Angora, ga kuma ulun tumaki. Yaron da yake kiwon su yakan yi watanni a wata bukkar dutse can saman tsauni, da bargo da takalmin roba da sanda da karnukansa, yana dama garin masara safe da yamma, shi ya sa a wannan ƙasa mata suka fi maza ilimin boko. Shekara da shekaru makiyaya suna kai gashin rumfunan sausaya, a auna, a tura kasuwar gwanjo ta Port Elizabeth, kuɗi ya dawo musu. A 2018 gwamnatinsu ta kansu ta hana fitar da shi ta wannan hanya, ta tilasta musu sayarwa ta hannun dillali guda a cikin gida. Biya ya yi ta jinkiri, mutanen da ba su da wata hanyar samu suka shiga ƙunci, suka sauko Maseru da bargunansu suka yi zanga-zanga, sai a 2019 aka sassauta dokar. Wannan ya fi komai yi mini ciwo a labarin ƙasar, domin ba Boer ba ne, ba Amurka ba ce.

Waɗannan makiyaya su ne mazauna gundumar Mokhotlong, inda yanzu ake gina madatsa ta uku, Polihali, wadda za ta ɗaga ruwan da ake turawa zuwa kusan kubik mita miliyan 1,270 a shekara. Tafkinta zai shanye gonakin kwari da makiyayar hunturu, inda dabbobi suke fakewa idan dusar ƙanƙara ta rufe tudu, za a kuma tashi gidaje da kaburbura. Hukumar aikin ta tsara biyan diyyar gona na shekara 50. Mutanen ƙauyukan sun ce gonar da suka gada daga kakanni, wadda da jikokin jikokinsu za su ci, ba ta ƙarewa a shekara 50, suna neman a biya su na tsawon rai ko na shekara 99. Ana nan ana wannan jayayya, ginin kuma yana ta hawa.

Mai girma shugaban taro, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.